Jirin da ke fitowa daga kunne: wane yaro ne ke buƙatar tiyata, wane ne bai kamata a taɓa ba

A ɗauki yara biyu, a ce duka a Gangare suke ko Unguwar Rogo, a cikin garin Jos. Ta farko 'yar shekara huɗu ce. Tana cikin wasa sai ta tsaya cak, ta ƙanƙame zanin uwarta, gumi ya karyo mata, ta ce ɗaki na juyawa. Kafin a ɗebo ruwa ta ware, ta koma wasanta. Na biyu ɗan shekara goma sha ɗaya ne, kunnensa na hagu ya shekara uku yana tsiyayar ruwa mai wari. An saba da abin, auduga kawai ake cusa masa ya tafi makaranta. Makon nan ya fara cewa in ya danna kunnen sai ƙasa ta karkace.

A yawancin gidaje hankali kan yarinyar yake tashi. A yi tofi, a je wurin mai ruƙiyya, a fara cigiyar inda ake ɗaukar hoton kai. Yaron kuwa sai a ce ai kunnensa ne da ma. A wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro lissafin a juye yake. Yarinyar mai yiwuwa ba za ta taɓa ganin ɗakin tiyata ba, abin zai bar ta da kansa. Yaron shi ne wanda ya kamata a gani cikin kwanakin nan, domin jirin nasa alama ce ta cewa ciwon ya cinye ƙashi ya kai ga ma'aunin daidaiton jiki, kuma daga nan zuwa ƙwaƙwalwa tazarar ba ta da yawa.

Abin da ke cikin ƙashin

Bayan dodon kunne akwai ɗan ɗaki mai iska, da ƙananan ƙasusuwa uku masu miƙa sauti. Bayan ɗakin nan, a binne cikin ƙashi mai tsananin tauri, kunnen ciki yake. Rabinsa na ji ne, mai siffar katantanwa. Ɗaya rabin ma'aunin daidaito ne: bututu uku masu lanƙwasa kamar zobe, kowanne ya fuskanci nasa ɓangaren, da 'yan jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙananan duwatsun alli. Wanda ya taɓa ganin magini yana gwada gini da tiyon ruwa ya riga ya fahimci dabarar. In kai ya juya, ruwan cikin bututu ya motsa, ya kaɗa wasu ƙananan gashi, su aika wa ƙwaƙwalwa saƙo ta jijiya.

Ƙwaƙwalwa tana gwada saƙon dama da na hagu. In sun zo daidai, ta san kai a tsaye yake. In ɗaya ya raunana ko ya yi yawa, sai ta ɗauka juyi ake yi, ƙwayar ido ta fara fizga gefe guda, zuciya ta tashi, amai ya biyo baya. Ƙwaƙwalwa, musamman ta yaro, tana iya sabawa da kunne ɗaya da ya mutu gaba ɗaya cikin 'yan makonni. Wanda ke gagarar ta shi ne kunne mai sauya magana, yau ya faɗi wannan gobe ya faɗi wancan. A kan haka aka gina duk wata tiyatar jiri, kuma iri biyu ce. Akwai ta gyara, wadda ke toshe ɓarakar da ke sa kunnen sauya magana. Akwai ta kashewa, wadda ke rufe bakin ma'aunin har abada. Ga yaro, ta farko ake nema idan an ga ɓarakar da ido. Ta biyu kuwa, a ganina sai an yi dogon tunani, an kuma ji ta bakin likita fiye da ɗaya.

Mafi yawan yara ba wuƙa suke buƙata ba

Kalmar jiri buhu ce mai ɗaukar kaya iri-iri. Yaron da ya miƙe tsaye ya ga duhu-duhu, sau da yawa ƙarancin jini ne, ko yunwa, ko zazzaɓin cizon sauro, ko ƙarancin ruwa a jiki. Wanda aka yi wa kwinin shi ma kan ji juwa da ƙara a kunne, ya wuce in an gama maganin. Hajijiyar kunne ita ce wadda yaro zai ce abubuwa na zagaya shi, ko shi ne ke zagayawa.

Ko a cikin masu hajijiya ta gaskiya, abu biyu ne suka fi yawa, kuma babu wanda ake yanka a cikinsu. Ɗaya shi ne irin na yarinyar can: yakan fara tsakanin shekara 2 zuwa 5, ya zo na daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna, yaro bai suma ba, jinsa lafiya, tsakanin zuwa da zuwa garau yake. Yawanci yana ɓacewa kafin shekara takwas, wasu daga baya su koma masu ciwon ɓarin kai. Ɗayan shi ne jirin ciwon ɓarin kai kansa, wanda ya fi kama 'yan makarantar sakandare, ya ɗauki minti biyar har zuwa kwana uku, tare da ƙin haske da ƙin hayaniya, kuma in an bincika za a tarar uwa ko goggo na fama da ciwon kai irin wannan. Maganinsa barci a kan lokaci, cin abinci a kan lokaci, shan ruwa, sai magani in abin ya yawaita.

Lokacin hunturun Jos, mura kan bar wa ƙananan yara ruwa mai kauri a bayan dodon kunne. Yaro ya riƙa tuntuɓe, yana ƙara sautin talabijin, ana kiransa ba ya waigowa. In ruwan ya wuce wata uku yana rage ji, ana huda dodon a zuƙe shi, a sa wani ɗan bututu mai shigar da iska. Aikin kamar minti goma sha biyar ne, bututun kuma yakan faɗo da kansa cikin wata shida zuwa shekara. Akwai kuma jirin da ke zuwa in an juya a kan gado, bayan an bugu a kai: duwatsun allin nan ne suka ɓalle suka faɗa bututu. Wannan da hannu likita ke mayar da su, ta hanyar jujjuya kan yaro bi da bi a kan gadon gwaji.

Wasu alamu kuma na nuna matsalar ta wuce kunne. Ciwon kai da amai da sassafe kullum, tangaɗin da ke ƙaruwa mako bayan mako, ganin abu bibbiyu, harshe ya karye, hannu ko ƙafa ta yi rauni, suma ko jijjiga. Ƙari a bayan ƙwaƙwalwa yana daga cikin wanda ya fi samun yara, kuma da irin wannan yake farawa. Mai waɗannan alamu likitan yara da hoton MRI yake buƙata, ba tare da jinkiri ba.

Kemis ma yana da nasa kason a wannan matsala. Stugeron da Stemetil suna kwantar da jiri na ɗan lokaci, amma in aka wuce kwana uku ana sha suna hana ƙwaƙwalwa sabawa, su tsawaita ciwon. Stemetil a jikin yaro yana iya murɗe wuya, ya kafe idanu sama, ya fito da harshe, har a ɗauka iska ce ta buge shi.

Kafin a ambaci tiyata

Abin da iyaye za su kawo ya fi wasu na'urori amfani. A samu littafi a riƙa rubuta ranar da abin ya zo, minti nawa ya ɗauka, me yaro ke yi a lokacin, ko ya ce kunne ya toshe ko yana ƙara. In akwai waya, a ɗauki bidiyon idanunsa daf-da-daf lokacin da abin ke kansa, domin fizgar ido ba ta jiran ranar asibiti.

Likita zai share kunnen ya duba dodon da kyau, musamman can samansa. Sai gwajin ji, wanda babu uzurin tsallake shi: yana bambance rashin jin da ya fito daga ɗakin tsakiya da wanda ya fito daga katantanwa. Ana matsa iska cikin kunne a kalli ido, in ya fizga akwai huji a ƙashin ma'auni, amma rashin fizgawar ba ya wanke kunnen. Akwai gwajin zuba ruwa mai ɗumin digiri 44 da mai sanyin digiri 30 don auna ƙarfin kowane ɓangare, wanda ba a yin sa da ruwa in dodon ya huje. Hoton CT kuwa dole ya zama na ƙashin kunne, mai siririn yanka na kusan rabin milimita. Hoton kai na gama-gari ba ya nuna abin da ake nema, kuɗi ne kawai za a kashe sau biyu. A Jos ana farawa da sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo. In ana buƙatar ƙarin gwaji ko ra'ayi na biyu, akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, da Asibitin Ƙasa a Abuja, da asibitin koyarwa na Gwagwalada.

Kunne mai wari

A nan ya kamata a daɗe, domin wannan yana daga cikin manyan dalilan da ke kai yaro mai jiri ɗakin tiyata. Likitoci na kiran abin kolestiyatoma. Ba ciwon daji ba ne, fata ce ta shiga inda ba nata ba. Bututun da ke kawo iska daga bayan hanci zuwa kunne ya gaza, saman dodon ya lotsa ciki ya zama aljihu, matacciyar fata ta riƙa taruwa a ciki ɓawo kan ɓawo kamar albasa. Tana girma, tana ruɓewa, tana narkar da duk ƙashin da ta jingina da shi. Ruwan da take fitarwa ba shi da yawa, amma warinsa na dabam ne, kuma sau da yawa babu zafi. Rashin zafin nan shi ke yaudarar iyaye.

Tana fara cinye ƙananan ƙasusuwan ji. In ta ci gaba sai ta kai ga bututun daidaito na kwance, wanda ya fi kusa da hanyarta. Kusan tara cikin goma na irin wannan hujin a kansa ake samu. Daga nan duk abin da ya matsa kunnen, yatsa ne, ko iska mai sanyi, ko ruwan wanka, sai ya girgiza ruwan ma'auni kai tsaye. Maganin ɗigawa ba ya fitar da fatar nan. Man zaitun, ruwan nono, ruwan ganye da gashin kaza ƙara mata ƙwayoyin cuta suke yi. Maganin ɗigawa mai jentamaisin ko niyomaisin kuma yana iya bi ta hujin ya kashe kunnen ciki, shi ya sa a kunne mai huji likitoci suka fi ba da siprofuloksasin ko ofuloksasin.

Akwai wata lafawa mai haɗari. Yaro ya yi kwana biyu ko uku yana amai, ya kasa ɗaga kai, sannan jirin ya lafa, gida ya yi hamdala. Sau da yawa abin da ya faru shi ne mugunya ta shiga kunnen ciki ta kashe shi, ji ya tafi tare da ma'aunin, ciwon kuma yana nan yana neman hanya gaba. Gabansa kuwa sanƙarau ne, ko ƙurji a ƙwaƙwalwa, ko toshewar babbar jijiyar jinin da ke bayan kunne. Zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, kumburi a bayan kunne ko karkacewar baki a yaro mai irin wannan kunne, a daren za a tafi asibiti.

Ga yadda aikin yake. Ana sa yaro barci gaba ɗaya, a aske gashi kamar faɗin yatsu biyu a bayan kunne, a yanka ta lanƙwasar bayan kunnen. A yaron da bai kai shekara biyu ba ana ɗaga yankan sama, saboda jijiyar fuskarsa tana kusa da fata. Ana fara ɗebo wani siririn tantani daga saman naman gefen kai a ajiye shi. Sai a shiga ƙashin bayan kunne, wanda cikinsa kamar saƙar zuma yake, da na'urar goge ƙashi, ana kallo ta madubin ƙara girma, ana zuba ruwa ba tsayawa don kada zafi ya ƙona jijiya. Filin aikin bai wuce kan babban yatsa ba, kuma kowane gefe da abin tsoro: sama tantanin ƙwaƙwalwa, baya babbar jijiyar jini, ciki jijiyar da ke motsa fuska, wadda ke wucewa daf da ƙarƙashin bututun da ya huje.

Ana kwashe fatar duka, amma gutsuren da ke rufe da hujin sai a ƙarshe ake taɓa shi, bayan an wanke ko'ina tas. Dalilin shi ne da zarar an ɗaga shi kunnen ciki a buɗe yake, ɗigon mugunya ko jini zai iya shiga, kuma in bakin na'urar zuƙa ya kusanci hujin zai tsotse ruwan ciki, ji ya tafi nan take. In hujin ƙarami ne, ƙasa da milimita 2, yawanci ana ɗaga fatar a hankali a rufe wurin nan da nan da tantanin da aka ajiye da garin ƙashi. In babba ne, ko fatar ta manne da abin da ke ciki, ko kuma wannan ne kaɗai kunnen da yaron ke ji da shi, likita na iya barin gutsuren a wurin ya buɗe ramin zuwa waje don kada ya sake taruwa. Wannan hukunci ne da ake yankewa a kan gadon tiyata, kuma barin nasa ba gazawa ba ne.

Sai batun bangon ƙashin da ke tsakanin hanyar kunne da ramin da aka haƙa. In an bar shi, kunne zai zauna da siffarsa, yaro zai yi wanka ba fargaba bayan ya warke, amma fatar ta fi samun maɓoya, kuma a yara ta fi saurin dawowa fiye da manya. Don haka ana sake buɗewa a duba bayan wata shida zuwa shekara, ko a yi wani hoton MRI na musamman mai gano ta. In an rushe bangon, dawowarta ta ragu, amma an bar rami da za a riƙa zuwa sharewa duk wata shida ko shekara, watakila har tsufa. Iska mai sanyi ko ruwa in ya shiga ramin yakan tayar da jiri na ɗan lokaci, kuma mai zama a Jos ya san me watan Disamba da Janairu ke nufi. Hula mai rufe kunne ta zama dole. Ya kamata iyaye su gaya wa likita gaskiyar halinsu. Wanda ke zaune a ƙauye mai nisa, wanda ya san da wuya ya iya biyan aiki na biyu, ya faɗa tun kafin a shiga, domin wannan na iya sauya irin aikin da za a zaɓa.

Abin da kan lalace: ji na iya raguwa ko ya tafi gaba ɗaya a wannan kunnen, ɓarin fuska na iya shanyewa, yawanci na ɗan lokaci saboda kumburi, jefi-jefi na dindindin, ɗanɗano a gefen harshe na iya sauyawa na wasu watanni. Aikin yakan ci awa biyu zuwa huɗu. Manufarsa ta farko kunne ya bushe ya daina barazana ga rai, gyaran ji na zuwa ne daga baya, sau da yawa a aiki na biyu.

Sauran ɓarakar da ake toshewa

Tsakanin ɗakin tsakiya da kunnen ciki akwai ƙananan tagogi biyu. Hatsarin babur, faɗowa daga bishiya, mari mai ƙarfi a kan kunne, ko tsinken ashana da ya zarce ciki, na iya fasa ɗaya ruwan ciki ya riƙa yoyo. Yaro zai ji jiri in ya yi nishi, ko tari, ko ya ɗaga abu mai nauyi, jinsa kuma yana hawa yana sauka. Ana fara kwantar da shi kamar mako guda, kai a ɗage, ba nishi ba fyace hanci, domin da yawa suna toshewa da kansu. In ji na ci gaba da raguwa, ana ɗaga dodon kunne ta cikin hanyar kunnen, a kankare gefen tagar, a liƙa ɗan kitse daga leɓatun kunne ko tantani. Jirin yakan tafi, jin da ya riga ya ɓace kuwa ba kasafai yake dawowa ba. Mari a kunne ba horo ba ne, a gida ko a makaranta. Yaron da ya yi sanƙarau sau biyu ko fiye, kuma kunne ɗaya ba ya ji tun haihuwa, a nemi a duba ƙashin kunnensa: wasu da irin wannan ɓarakar aka haife su, ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga, kuma toshe ta ceton rai ne.

A 1998 Lloyd Minor na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya bayyana wata matsalar, inda rufin ƙashin bututun sama ke da huji. Mai ita yana jin muryarsa da bugun zuciyarsa na amsa-kuwwa a kunne, ƙara mai ƙarfi kamar hon ɗin tirela na sa shi jiri. Ana toshe bututun ko a yi masa sabon rufi, ta bayan kunne ko ta gefen ƙoƙon kai. Sai dai a ƙananan yara, musamman 'yan ƙasa da shekara uku, ƙashin wurin bai gama kauri ba, hoto kan nuna huji alhali girma ne bai kai ba. Hoto kaɗai bai isa dalilin yanka yaro ba, sai alamomi da gwaje-gwaje sun yi daidai da shi.

Akwai kuma wadda tiyata ke ɓatawa. Wasu yara an haife su da wata magudanar kunnen ciki da ta fi ƙima faɗi, sama da milimita ɗaya da rabi a tsakiyarta. Jinsu kan faɗi mataki-mataki bayan ɗan bugu a kai, tare da jiri, wasu kuma maƙoƙo ya fito musu daga baya. An gwada yi musu aiki a kan jakar ruwan kunne, wato 'yar jakar da magudanar nan ke kaiwa gare ta, ya ƙara lalata ji, aka daina. Abin yi shi ne kare kai daga bugu, gwajin ji a kai a kai, na'urar ƙara ji, in ta gaza a yi dashen na'urar ji a cikin katantanwa.

Cutar Meniya da tiyatar kashewa

Prosper Ménière, likitan Faransa, shi ne a 1861 ya nuna cewa jirin cutar da ake kira da sunansa, wato Meniya, daga kunne yake. Alamunta hajijiya mai ɗaukar minti 20 zuwa awa 12, aƙalla sau biyu, da raguwar ji da gwaji ya tabbatar, da ƙara da cikar kunne. Tana tafiya da taruwar ruwa a kunnen ciki. A yara ba kasafai ake samun ta ba, don haka in an ce ɗan shekara takwas na da ita, a tabbatar an kawar da ciwon ɓarin kai da sauran da aka ambata.

Ana farawa da rage gishiri. Ga babba, kada sinadarin sodiyam ya wuce miligiram 2,300 a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya na gishiri, a haɗa da wanda ke cikin dunƙule, da garin ɗanɗanon taliyar leda, da yajin tsire, da kanwa, wadda ita ma sodiyam ce. Na yaro likita zai rage gwargwadon shekarunsa. In an yi watanni ba sauƙi, ana zuba maganin kumburi kamar rabin mililita ta cikin dodon kunne, yaro ya kwanta kunnen na sama na minti 20 zuwa 30. Ana kuma iya zuba jentamaisin, wanda ke kashe ma'aunin da gangan, kuma yana iya tafiya da ji. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2016 a kan manya 60 a Ingila ya nuna maganin kumburi ya rage zuwan jiri da kashi 90 cikin ɗari, jentamaisin da kashi 87. Tunda mai laushin ya yi abin da mai kaifin ya yi, ga yaro da shi za a fara. In akwai wanda ya kurumce bayan allura a dangin uwa, a faɗa wa likita, domin akwai gadon da ke sa jentamaisin kurumtar da mutum ko da kaɗan ne.

Aikin buɗe jakar ruwan kunne Georges Portmann ne ya fara bayyana shi a Faransa a 1927, kuma har yau ana taƙaddama a kansa. A 1981 likitoci a Denmak suka raba majinyata 30 gida biyu, aka yi wa rabi aikin sosai, rabi aka goge ƙashi kawai ba a taɓa jakar ba, duka suka samu sauƙi ba wani bambanci mai yawa. Wasu sun sake bin alƙaluman daga baya suka yi jayayya. Amfaninsa dai shi ne yawanci ba ya kashe ji. Na ƙarshe su ne yanke jijiyar daidaito, wanda sai an shiga cikin ƙoƙon kai, da kwashe ma'aunin gaba ɗaya, wanda ke kurumtar da kunnen har abada. Suna tsayar da jiri ƙwarai. Amma cutar nan na iya tsallakawa ɗaya kunnen bayan shekaru, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, yaro kuwa shekaru sittin ne ko fiye a gabansa. In an kashe dama yau hagu ta kamu gobe, garin gyaran gira an rasa ido.

Yadda rayuwa take ba ma'auni ko ɗaya, ana ganin ta a yaran da sanƙarau ko allurar jentamaisin ta kashe wa kunnuwa biyu. Ba sa hajijiya, amma suna faɗuwa a duhu, duniya na rawa a idonsu in suna tafiya, ƙananan kuma su wuce wata 18 ba su taka ba. Babu tiyatar da ke dawo da wannan, sai atisayen ido da daidaito. Irin wannan yaro in ya nutse ba ya sanin ina ne sama, don haka kududdufan da haƙar kuza ta bari a Bukuru da kewayen Jos haramun ne gare shi ko da ya iya iyo. Abin gaggawa a nan ji ne: bayan sanƙarau katantanwa na iya fara zama ƙashi cikin makonni, ta rufe hanyar dashen na'ura. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau a gwada jinsa kafin a sallame shi, ko cikin mako huɗu.

Ranar aiki da bayanta

Ba a fafe gora ranar tafiya. A san yawan jinin yaro da rukunin jininsa. Mai sikila sai an yi masa shiri na musamman na ruwa, ɗumi, wani lokaci ƙarin jini. Mai mura da tari a ƙirji akan ɗage masa na mako biyu zuwa huɗu. Abinci da madara a daina awa shida kafin aiki, nono awa huɗu, ruwa zalla awa biyu. Kunu da koko abinci ne. Kaka ta ji tausayi ta ba shi a ɓoye, zai iya amayo shi ya shiga huhu yana cikin barci. Uba ya tambaya kai tsaye: «Likita, gyara za a yi ko kashewa? Yaya jin ɗaya kunnen yake? Aiki ɗaya ne ko za mu dawo?»

Bayan aiki jiri kan ƙaru na 'yan kwanaki kafin ya lafa. Kada a bar yaro a kwance saboda tausayi. Da zarar likita ya yarda ya tashi ya riƙa takawa ana riƙe da shi, ta haka ƙwaƙwalwa ke sabawa. Naɗin kai yakan sauka washegari, zare bayan kwana 7 zuwa 10, abin da aka cusa cikin kunne bayan mako biyu zuwa uku, kuma ba a gida ake cire shi ba. Ruwa kada ya shiga na mako huɗu zuwa shida aƙalla: a shafa wa auduga basilin a toshe bakin kunnen lokacin wanka. Shafar kunne a alwala sunna ce a mazhabar Malikiyya, barin ta na waɗannan makonni ba ya ɓata alwala. Ba fyace hanci, atishawa baki a buɗe, ba ɗaukar bokitin ruwa, ba ƙwallo, kuma a ba shi abin da zai sassauta bayan gida don kada ya yi nishi.

Wanda aka yi wa aikin a Abuja zai hau Hawan Kibo a hanyar dawowa, Jos kuwa ta kai kimanin mita 1,200 sama da teku, kowa ya san yadda kunne ke toshewa a wurin. A tambayi likita ranar da za a iya tafiyar. In an kama hanya, yaro ya riƙa haɗiyar yawu ko kurɓar ruwa, kada ya toshe hanci ya hura. Baki ya karkace, ido ya ƙi rufuwa, ruwa garai-garai ya riƙa ɗiga daga kunne ko hanci, zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko ji ya ɗauke farat ɗaya, a koma asibiti a ranar. Wanda aka cire wa kolestiyatoma kuwa, ko kunne ya bushe ƙayau, katinsa na asibiti a adana shi: aƙalla shekara biyar ana duba shi, domin takan dawo ba wari, ba ruwa, ba zafi.